Sanƙarau: Jawabi ga Iyaye Mata da Masu Faɗakarwa na Garuruwa

Iyayenmu mata, da ƴan uwa masu faɗakarwa waɗanda muke kira rile. A zaman da muka saba yi, zancenmu ba ya wuce nono da kunu da awon damtse da tamowa. Yau za mu ɗan karkata zuwa wata cuta wadda lokacinta ya kama, wato sanƙarau. Dalilin da ya sa ma'aikatan abinci mai gina jiki suka tsoma baki cikin wannan batu shi ne, yaran da muke awo su ne cutar ta fi saurin kayarwa, kuma a jikinsu ne ta fi wuyar ganewa.

Ƙwaƙwalwar mutum da lakar da ta sauko ta cikin ƙashin baya suna lulluɓe da wani siririn tantani, a cikinsa kuma akwai ruwa garai-garai kamar ruwan sha da aka tace. Idan ƙwayar cuta ta samu hanya ta shiga wannan ruwa, sai tantanin ya kumbura, ruwan ya gurɓace, kai ya cika ya matse ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne sanƙarau. Ƙwayoyin da ke kawo shi suna da yawa. Wadda ke ta da annoba a ƙasarmu likitoci na kiranta meningokok, ita ma tana da dangi da aka raɗa wa sunaye da baƙaƙe: A, C, W, X da Y. Akwai kuma numokok, wadda ita ce ke kawo ciwon haƙarƙari, da wata da ake kira Hib, su biyun sun fi kama ƙananan yara kuma ko da damina suna iya kama yaro. Ƙwayar tarin fuka ma takan hau kai, sai dai ita a hankali take tafiya, cikin makonni.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, meningokok tana zama a maƙogwaron mutane masu yawa da ke yawo lafiya lau, ba su san suna ɗauke da ita ba. Daga bakinsu take fita ta tari da atishawa da tsartuwar yawu, ta shiga hancin na kusa. Ba ta bin ruwan rijiya, ba ta bin abinci, ba ta bin nonon uwa. Idan hunturu ya shigo, iska ta bushe, ƙura ta tashi, sai cikin hanci da maƙogwaro ya tsattsage kamar leɓen da sanyi ya fasa, ƙwayar ta samu ƙofar shiga jini. Ga kuma kwanan cunkoso a ɗaki ɗaya saboda sanyi, an toshe taga, an hura wuta, hayaƙi ya turnuƙe. Shi ya sa cutar ke somawa wajen watan Disamba, ta yi ƙarfi a Maris da Afirilu lokacin da bazara ta tsananta, ta lafa da saukar ruwan farko. Daga shigar ƙwayar zuwa bayyanar ciwo kwana 2 ne zuwa 10, galibi wajen 4.

Nijar tana tsakiyar yankin da masana suka kira zirin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha, ƙasashe 26. Manyan da ke cikinmu ba su manta da annobar 1995 da 1996 ba. A 1996 da 1997 kawai, an ƙidaya fiye da mutum 250,000 da suka kamu a Afirka, fiye da 25,000 suka rasu. Nau'in A ne ya yi wannan ɓarna, kuma an karya lagonsa da allurar MenAfriVac da aka fara yi a ƙasar nan a 2010. Sai dai danginsa suna nan. A 2015 nau'in C ya tashi, ya fi tsanani a Yamai da Doso, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Daga Janairu zuwa ƙarshen Yuni an samu kimanin mutum 8,500 da ake zaton sun kamu, 573 suka riga mu gidan gaskiya. Kusa da mu kuma, daga farkon Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023, jihar Damagaram ta ƙidaya mutum 559, 18 suka rasu, Dungas ce kan gaba, tare da Matamai da Mirya da Magarya. Na kawo waɗannan alƙaluma ne don kada wata ta ce ai tun da aka yi allurar nan sanƙarau ya ƙare.

Yanzu mu zo kan abin da ya tara mu, wato yadda za a gane shi.

Ga babba da yaron da ya yi wayo, alamomin ba su da wuyar gani. Masassara mai zafi takan zo farat ɗaya, mutumin da ya tashi lafiya da safe kafin la'asar ya kwanta. Kai ya yi ciwo kamar zai tsage, amai ya biyo baya, haske ya riƙa damun ido har ya juya fuska bango. Wuya ya sanƙare, wanda daga nan ne cutar ta samo sunanta. Gwajin mai sauƙi ne: a ce ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji. Mai lafiya, ko mai masassarar sauro marar tsanani, zai yi. Mai sanƙarau ba zai iya ba, ko ya yi kuka da zafi, wani ma ƙafafunsa su naɗe da kansu. Idan yaro ne mai shekara biyu ko uku da ba zai bi umarni ba, a taɓa masa cibiya ko a ajiye wani abin wasa a cinyarsa, a ga ko zai sunkuya ya duba. Daga nan sai ruɗewa, sambatu, barcin da ba a iya tayarwa, ko jijjiga.

Jariri kuwa, wanda bai cika shekara ba, lamarinsa dabam ne, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku duka. Sau da yawa wuyan jariri ba ya sanƙarewa ko kaɗan. Uwar da ta zauna jiran wuya ya ƙage za ta jira har lokaci ya wuce. Abin da za ta fara gani shi ne ya ƙi nono, ko ya kama ya saki ba ƙarfi. Kukansa ya sauya, ya zama siriri mai tsini, ko nishi-nishi, kuma idan aka ɗauke shi don rarrashi kukan ƙaruwa yake yi, saboda motsi na ƙara masa zafi. Wani jikinsa ya saki laƙwas kamar tsumma, wani ya banƙare baya. Ido ya kafe wuri ɗaya, ko ya riƙa juyawa sama. Jijjigar jariri ma ba kullum take da girma ba. Takan tsaya a ɗan taune-taune da baki, ko ƙiftawar ido ba ƙaƙƙautawa, ko hannu ɗaya ya riƙa fizga.

Sai maɗiga. Kun riga kun san maɗigar da ta faɗa ciki, wadda muke yawan ambata idan muna zancen zawo da ƙarewar ruwan jiki. Ta sanƙarau kishiyarta ce: takan kumburo ta yi tauri. A duba ta lokacin da jaririn yake zaune a cinya kuma ba kuka yake yi ba, domin kuka kansa yana ɗaga maɗiga. A shafa da tafin yatsu a hankali. Idan an ji ta tasa sama kamar an hura, wannan yaro na likita ne a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Kada a shafa mata wani haɗi, kada a ɗaure ta da tsumma a ce za ta koma.

Akwai wata alama da ba kowa ke samunta ba, amma idan ta fito to ƙwayar ta cika jini. Wasu ɗige-ɗige ne ja-ja ko baƙi-baƙi a ƙarƙashin fata, kamar an tsira allura, daga baya su haɗe su yi kamar ƙurma. A baƙar fata ba su cika fitowa sarai ba, don haka a duba tafin hannu, da tafin ƙafa, da cikin fatar ido, da dasashi da ganɗa. Idan aka danna su da gindin kofin gilashi irin na shayi, ƙurajen zafi da na ƙyanda sukan dushe, waɗannan kuwa suna nan yadda suke. Hannu da ƙafa su yi sanyi alhali jiki da zafi. Mai wannan hali sa'o'i kaɗan gare shi.

To, ina yaronmu mai tamowa? Masassara aikin jiki ce, alama ce cewa jiki na faɗa da cuta. Yaron da igiyar awo ta nuna ja a damtsensa, wato ƙasa da milimita 115, ko wanda ƙafafunsa suka kumbura, jikinsa ba shi da ƙarfin wannan faɗa. Sanƙarau na iya cin sa ba tare da jikinsa ya yi zafi ba, wani ma sanyi zai yi, awon zafinsa ya sauka ƙasa da 35.5. Dama can shiru-shiru ne, dama can ba ya wasa sosai, don haka ƙarin sanyin jikin da cutar ta kawo sai ya ɓace a cikin wanda aka saba gani. Ga ma'aunin da nake ba ku: yaron da ke cikin shirin CRENAS, yana cin abincinsa na leda jiya, yau ya kau da kai, ko yana aman duk abin da ya shiga bakinsa, ko barci ya yi masa yawa, kada a jira ranar awo. A kai shi yau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan uwa ta ce ɗana ba haka yake ba, ku rile ku ɗauki maganarta da nauyi ko da ba ku ga komai da idonku ba.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne masassarar cizon sauro. Idan ta hau kai, ita ma tana kawo jijjiga da suma, har likita ba ya iya raba su da ido kawai. Kuma yaro ɗaya na iya ɗaukar duka biyun. Gwajin jinin yatsa ya nuna akwai ta sauro, an ba da magani, wannan bai kore sanƙarau ba. Idan an kwana ɗaya yaro na ƙara lalacewa, ko wata alama cikin waɗanda na ambata ta fito, a koma ba tare da jin kunya ba. Masassara mai zafi a tsakiyar rani, lokacin da sauro ya yi ƙaranci, ta cancanci a yi mata kallon tsanaki.

Me ya sa muke ta nanata gaggawa? Idan ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda suka kamu suna mutuwa, da yawansu cikin kwana ɗaya ko biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin mutum 6 da suka kamu da sanƙarau na bakteriya ɗaya yakan rasu, a cikin 5 kuma ɗaya yakan tashi da wata naƙasa. Abin da ya fi raba wanda ya tashi da wanda bai tashi ba shi ne sa'o'in da suka wuce kafin allurar farko.

Mu faɗa wa juna gaskiya game da inda waɗannan sa'o'i suke salwanta. Wasu suna tafiya wajen mai tallan magani a faranti, a sayi ƙwaya biyu ja-da-rawaya a ba yaro. Wannan ba ya kashe ƙwayar da ke cikin kai, sai dai ya rufe alamomin na ɗan lokaci, ya kuma ɓata gwajin da likita zai yi. Wasu suna tafiya wajen turare, domin jijjiga da sambatu sun yi kama da taɓin iska. Wasu wajen wanzami, a yi tsaga a ƙeya ko sakiya, jinin da yaro ke buƙata ya zuba, ciwo ya ƙaru a kan ciwo. Addu'a kuwa babu mai hana ta, kuma ba ta hana tafiya; a tofa wa yaro yana bisa amalanke, malam ya ci gaba da roƙo ana hanya. Mafi yawan sa'o'in kuma suna tafiya ne wajen jiran izini. Wannan cuta tana zuwa daidai lokacin da mazaje suka tafi cin rani, a bar mace da yara da surukai, babu mai cewa a tafi, babu kuɗin kabu-kabu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin maigida ya kama hanya, a zauna da shi a yanke magana: idan yaro ya yi kaza da kaza, an yarda a kai shi likita ko ba a same ka a waya ba. A san wanda zai tsaya a madadinsa, ƙane ne ko kawu. Ku rile, wannan aikinku ne ku kai maganar majalisar maza da gaban mai gari da liman, domin ba uwa kaɗai ke yanke ta ba. A san mai babur ko mai amalanken da za a iya tayarwa da dare. Ƙungiyoyin asusu na mata, irin na Mata Masu Dubara, suna iya ware wani abu na rancen gaggawa. A tuna kuma, tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a gidajen likita na gwamnati, don haka rashin kuɗi a hannu kada ya zaunar da kowa a gida.

A kan hanya, idan yaro na iya tsotsa, a ci gaba da ba shi nono. Idan ya wuce wata 6, yana farke kuma yana iya haɗiya, a ba shi ɗan ruwa mai tsabta da aka jiƙa sukari, ƙaramin cokali ɗaya cikin manyan cokula uku da rabi na ruwa, domin sukarin jinin mai tamowa yana saurin faɗuwa. Idan jikinsa da sanyi, uwa ta manna shi a ƙirjinta fata da fata ta lulluɓe. Idan da zafi, a rage masa tufafi. Idan jijjiga ta kama shi, a kwantar da shi ta gefe don yawu da amai su fita, kada a danne shi, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko man shanu, domin huhu za su tafi. A riƙo karnen yaro.

A CSI, majo zai duba shi, ya yi gwajin sauro, kuma idan ya yi zaton sanƙarau ne zai so ya ɗebi ruwan baya. Na san wannan ne abin da iyaye suka fi tsoro, har wasu kan ɗauke ɗansu su gudu, don haka bari in yi bayaninsa dalla-dalla. Ana kwantar da yaro ta gefe a lanƙwasa shi, ko a zaunar da shi a sunkuye, a wanke wurin, a sa siririyar allura tsakanin ƙasusuwa biyu can ƙasan baya wajen ƙugu. Lakar kanta ta ƙare a sama da wannan wuri, allurar ba ta kai gare ta. Abin da ake ɗiba bai wuce cikin ƙaramin cokali ba, jiki kuma yana mayar da shi cikin ɗan lokaci, domin kullum yana ƙera sabo. Babban mutum yana yin kusan rabin lita a yini. Idan ruwan ya fito garau, wannan bai kore sanƙarau ba. Idan ya fito gurɓatacce kamar tsarin shinkafa, likita ya ga abin da yake nema tun kafin a kai ɗakin gwaji. Sauran ana aika shi har cibiyar CERMES da ke Yamai don a san ko wane nau'i ne, wannan sani kuwa shi ke nuna wace allurar rigakafi za a kawo wa garinku. Ɗan ruwan da aka ɗiba daga yaro ɗaya yana iya zama sanadin kare yaran gunduma guda.

Masu cewa ɗibar ruwan baya ce ke kashe yara ko ta shanye musu ƙafa sun ga wani abu da idonsu, amma sun ɗora laifin inda ba nan yake ba. Yaran da ake yi wa wannan gwaji su ne waɗanda cutar ta riga ta yi wa mugun kamu, da yawa an kawo su a makare. Cutar ce ta yi ɓarnar. Likita kuma ya san lokacin da bai dace a yi ba, kamar idan yaro ya yi nisa cikin suma, kuma ba ya jinkirta magani don jiran gwaji.

Maganin allura ce mai suna seftiriyakzon, ta jijiya ko ta tsoka. Iyayenmu za su tuna da allurar mai, wadda ake yi sau ɗaya a shekarun baya; yanzu an bar ta. A lokacin annoba ana yin seftiriyakzon kullum har kwana 5, jarirai ƴan ƙasa da wata 2 kuma aƙalla kwana 7, idan kuwa numokok ce ko wata ƙwayar dabam yakan kai kwana 10 ko fiye. Idan yaro ƙarami ne ƙwarai, ko ya suma, ko yana jijjiga, ko yana da tamowa mai tsanani, majo zai yi masa allurar farko ya tura shi babban asibiti ko CRENI. Turawar nan ba kora ba ce, can ne ake da iskar numfashi da ƙarin ruwa da ma'aikatan dare. A CRENI za a fara shi da madarar F-75 kaɗan-kaɗan, dare da rana. Idan ba ya iya haɗiya za a sa masa siririyar roba ta hanci zuwa ciki. Kada uwa ta firgita da ita ko ta cire. Ta nan za a ba shi nonon da ta tatsa, tatsar kuma ita ke hana nonon ƙafewa kafin ya warware.

Kuskuren da aka fi yi a wannan mataki shi ne tafiya gida a rana ta biyu ko ta uku. Yaro ya buɗe ido, ya karɓi nono, ga yara an baro a gida, ga dabbobi, sai uwa ta ga ai an samu sauƙi. Ƙwayar ba ta gama mutuwa ba, idan ta dawo kuma ta fi wuyar magani. A nan maƙwabta da kishiyoyi da rile suke da rawar takawa: a riƙe mata gida har a cika kwanakin. Game da tsoron ɗauka, bayan kwana ɗaya cur da fara allura majinyaci ya daina yaɗa ƙwayar, don haka babu dalilin gudun uwar ko ɗanta idan sun dawo.

Mutanen gidan da aka samu mai ciwo su sa ido a kan junansu har kwana 10, duk wanda ya yi masassara a kai shi nan take. A buɗe tagogi, a rage cunkoson kwana gwargwadon hali, a fitar da murhu waje. A 2017 an yi wani gwaji a gundumar Madarumfa, inda aka raba ƙwayar siprofuloksasin sau ɗaya ga dukan mutanen garin da cutar ta ɓulla, aka ga kamuwa ta ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Wannan shawara ce da hukumomin lafiya kaɗai ke yankewa, su kawo maganin da awonsa; ba abin da za a saya a kasuwa a raba wa yara ba ne.

Ku rile, akwai lissafin da ya kamata ku sani don ku gane darajar rahotonku. A yankin da mutanensa ba su kai 30,000 ba, mutum 2 da ake zato cikin mako ɗaya sun isa a ta da hankalin hukuma, 5 cikin mako ɗaya kuwa annoba ce. A babban yanki, 3 cikin kowane 100,000 a mako gargaɗi ne, 10 annoba. Kun ga ke nan mutum ɗaya da aka ɓoye yana iya jinkirta zuwan allurar rigakafi da mako guda ko fiye. Duk wanda kuka ji ya yi masassara da sanƙarar wuya, duk jaririn da maɗigarsa ta kumbura, har da wanda ya rasu a gida farat ɗaya bayan zazzaɓi kuma an riga an yi jana'izarsa, ku sanar da majo a ranar, da sunan gari da shekarunsa da ranar da ciwon ya fara. Ku leƙa makarantun allo ma, inda almajirai ke kwana da yawa a zaure ɗaya ba uwa kusa.

Rigakafi kuwa yana cikin karnen da ke hannunku. BCG ta ranar haihuwa tana kare jariri daga sanƙarau na tarin fuka. Penta da Pneumo, a mako 6 da 10 da 14, su ne maganin Hib da numokok, kuma sai an cika ukun kariyar ke ƙarfi. A wata 9, tare da ta ƙyanda, akwai ta sanƙarau; ta nau'in A ta shiga jerin alluran yara a ƙasar nan a 2017. Akwai kuma sabuwa mai suna Men5CV da ta haɗa nau'i biyar, A, C, W, Y da X; Najeriya ce ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ta bi baya a shekarar. Idan aka yi shelar allurar gayya, a fito da duk wanda shekarunsa suka shiga, ko da an yi masa wata a baya, domin wadda aka yi a da wataƙila ta wani nau'in ce. Tamowa ba ta hana allura, mai tamowa ma ya fi kowa buƙatarta. Allura tana ɗaukar kwana 10 zuwa mako 2 kafin ta fara aiki, saboda haka wanda ya yi masassara a tsakanin nan a kai shi likita kamar kowa. Nono zalla har wata 6 da bitamin A a kan lokaci suna cikin abin da ke ƙarfafa yaro, amma ba su maye gurbin allura.

Saura maganar wanda ya warke. Cutar takan tafi ta bar baya da ƙura, mafi yawa a kunne. Idan an dawo gida, uwa ta tsaya a bayan yaro inda ba ya ganinta, ta kira sunansa ko ta tafa, ta gwada dama ta gwada hagu. Idan ba ya juyowa, ko yaron da ya fara magana ya daina, a gaya wa likita da wuri, kada a ce taurin kai ne a riƙa dukansa. A lura da tafiyarsa, da hannun da ya daina amfani da shi, da jijjigar da ke dawowa, wadda tana da maganin da ke tsayar da ita. Ga jariri, a lura ko kansa na girma fiye da ƙima. Yaro yakan fito daga wannan ciwo a rame, wanda ma ba shi da tamowa a da yana iya faɗawa cikinta, don haka a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har tsawon mako biyu aƙalla, kunu mai kauri da ƙuli-ƙuli ko garin wake da ɗan mai, da zogale a miya. Rile ya ziyarci gidan a makon farko da igiyar awo a hannu, ya sake komawa bayan wata guda, a rubuta abin da aka gani a kai wa majo.